Munduwar Jego ta Inna Sahura

A Dumega in ana zancen jego, sunan Inna Sahura ake fara kira. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoye cewa ta sani ba. Gajeriyar mace ce ƙaƙƙarfa, wadda in ta kama muciya sai ka tausaya wa tukunya. Ɗiya huɗu Allah ya ba ta, duk mata. Uku daga ciki a ɗakinta suka yi wankan haihuwar fari, ta maida su gidajen mazansu sun yi ɓul-ɓul, wuya ya yi ninki, kumatu na ƙyalli. Matan unguwa ma in ɗiyarsu ta haihu wurinta suke zuwa tambayar yawan kanwar da za a jefa a kunu, ita kuwa sai ta ja musu rai, ta tambayi lafiyar awaki da ta kaji, kafin ta faɗa.

Tana da wata munduwar azurfa, gadon uwarta, wadda ta sha hannu har zanen jikinta ya shafe. Ranar suna take zura ta a hannun mai jego, tana shiga salin-alin. Daga nan sai aiki: wankan tafasasshen ruwa da ganyen dogon-yaro safe da marece, kunun kanwa kwano bayan kwano, ƙaurin sa, gasasshen nama da yaji, fura mai sukari, tuwo da man shanu kwance a kan miya. Ba fita, ba ɗaukar ko tsintsiya. Ranar da za a maida mai jego ɗakinta, a gaban dangin miji ake cire munduwar, kuma ba ta fita sai an kawo ruwan sabulu an yi ta murza, mai jego na cizon leɓe, mata na dariya, mai guɗa ta toshe hanci tana jira. Wannan ita ce shaidar aikin Inna Sahura. Ta Afra'u, babbar ɗiyarta, sai da aka haɗa da man shanu kafin ta fita, kuma yau shekara goma sha biyu Inna ba ta gaji da ba da labarin ba.

Saura Bushira, auta. Ita a Dogon Dutsi take aure, gidan Nazifi, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Hajiya Zalihatu mai sayar da atamfa a bakin kasuwa. Bushira siririya ce tun tana ƙarama, irin waɗanda ko sun cinye rumbu ba ya nunawa. Ta zo gida goyon ciki da farkon damina, ta sauka lafiya a likitar garin, wato asibiti, namiji, aka sa masa Yazid. Ranar suna dangin miji suka cika mota guda daga Dutsi. Hajiya Zalihatu ta tsaya tana kallo lokacin da aka zura munduwar, ta ga yadda take lilo a hannun Bushira har kusa da gwiwar hannu, sai ta yi dariya ta ce ta sha jin labarin munduwar nan, amma wannan karon da wuya, don ƴan lakwal ba su riƙe abinci. Wasa ta yi, kowa ya san wasa ne. Inna Sahura ma ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata a rai, kuma washegari kanwar da ta jefa a kunu ta ninka wadda ta saba.

To, Allah da ikonsa, kwana ashirin da haihuwa munduwa ta kama. Ba ta juyawa, ba ta motsi. Ko ta Afra'u sai da ta kwana talatin da biyar. Inna Sahura ta ji daɗin da ta jima ba ta ji ba, bakinta har kunne. Ta sa Afra'u ta danna mata waya don aika saƙon murya, ta riƙe ta a gaban baki, ta gaida Hajiya gaisuwa mai tsawo, sannan a ƙarshe, kamar abin da ta kusa mantawa, ta ce a faɗa wa masu jiran gani munduwa ta kama tun yau, su tanadi sabulu mai kyau. Hajiya kuwa ta kunna muryar a shago, duk matar da ta shigo sayen zane sai ta saurara. Kafin sati labarin ya zaga unguwarsu.

Ran wata Alhamis da hantsi, bayan wanka, Inna na shafa wa Bushira man kaɗe a ƙafafu, sai ta danna babban yatsanta a ƙwaurin yarinyar. Da ta ɗaga, wurin ya zauna a lotse, kamar an danna tuwo mai sanyi. Ta tsaya tana kallo. Ramin bai ciko ba. Ta sake dannawa a ɗaya ƙafar, haka.

Matar da ta shekara talatin tana taɓa jikin masu jego ba sai an faɗa mata ba. Ƙiba in ka danna ta, turo ka take yi. Wannan ba ƙiba ba ce. Ta ja zane ta rufe ƙafafun, ta ce wa Bushira ta miƙo hannu a shafa.

Abin da ta yi bayan nan shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba: shiru ta yi. Ta ce a ranta zama ne ya yi yawa, ko sanyin damina ne, gobe zai saɓe. Ta tuna muryarta da ke yawo a wayoyin matan Dutsi. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, tana ci gaba da dama kunu da kanwarsa, tana satar kallon ƙafafun. Bushira ta ce kanta na sarawa, Inna ta ce rana ce. Ta ce ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango, Inna ta ƙara mata matashi. Ran Asabar da safe Bushira ta fito daga wanka, taku bai fi goma ba tsakanin makewayi da ɗaki, amma a tsakiya ta zauna dirshan a ƙasa tana haki, tana cewa wasu taurari take gani. Yazid na ta tsala kuka a ɗaki, uwarsa ta yunƙura ta tashi ta kasa. Inna Sahura ta yar da ƙwaryar da ke hannunta, ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabcinta Iro ya ɗaura amalanke yanzu-yanzu.

Sajfam ɗin likitar, wato ungozomar gwamnati, Madam Nusaiba ce, ƴar Kiyeshe, sa'ar Afra'u. Inna Sahura ba ta taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Takan ce yarinyar da aka koya wa haihuwa a takarda me za ta faɗa mata. Ranar dai Madam ta ɗaura wa Bushira abin awon jini a damtse, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, fuskarta ta sauya. Ta danna ƙwaurin, ta ɗora ta a sikeli, sannan ta juyo ta tambayi abin da mai jego ke ci. Inna ta fara lissafi, da farko da ƙarfinta, kamar yadda ta saba yi wa matan unguwa, amma kafin ta kai kan kunun kanwa muryarta ta yi ƙasa.

Madam ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mata sauƙi. A hankali ta ce jinin Bushira ya hau ƙwarai, kanwa da gishiri da tafasasshen ruwa sun tara mata ruwa a jiki, zuciyarta ta gaji da turawa. Ta ce yanzu za a wuce da ita babbar likita wajen lokotoro, wato dokta. Sai idonta ya kai kan munduwar, wadda ta nutse cikin nama har yatsun sun fara duhu.

"Inna, wannan sai an cire ta yanzu," in ji Madam. "Tun yaushe kika ga kumburin?"

Inna Sahura na iya cewa yau. Ba wanda zai ƙaryata ta. Ta dubi Bushira da ke jingine tana numfashi sama-sama.

"Tun Alhamis," ta ce.

Madam ta dube ta, ta kawo sabulu da zare. Nan cikin ɗan ɗakin awo, ba dangi, ba guɗa, aka murza munduwar gado har ta fita, ta bar zobe ja a wuyan hannun. Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta.

Kwana biyar suka yi a babbar likita. Aka ba Bushira magani, ruwan ya yi ta fita, fuskarta ta dawo tata, ta fara kwanciya ba jingina. Lokotoro ya ce an zo da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Ya ce kanwa ta ƙare, gishiri da magi sai ɗan kaɗan, wanka da ruwa mai ɗumi kawai, magani kullum. Ya ce bayan ruwan akwai ƙiba ta gaske da ta hau cikin ciki da jego, kuma zuciyar za ta fi hutawa in an rage ta, amma sannu a hankali, kamar rabin kilo a sati, don yaro na shan nono kuma nonon ba za a taɓa shi ba. Nazifi ya zo a kan babur ya kwana biyu a bakin ɗakin. Bai ce wa surukarsa uffan ba sai gaisuwa da godiya, ita kuwa godiyar ce ta fi ƙona ta. Don ya rufa mata asiri, ce wa uwarsa ya yi zazzaɓin jego ne kuma an samu sauƙi, sai dai Bushira za ta ƙara wata biyu a gida bayan arba'in. Hajiya Zalihatu ta fahimci abin yadda ta ga dama. Ta aiko da murya tana dariya, wai in ƙarin kiwo za a yi har wata biyu, to bari ta kira magini ya faɗaɗa ƙofar ɗaki.

Da suka koma Dumega sai wata sabuwa ta ɓullo. Bushira ta tsorata da abinci. Yarinyar da ta ga taurari da rana tsaka ta ƙudurta a ranta cewa duk lomar da ta haɗiya kusantar da ita take yi ga kabari. In aka kawo tuwo sai ta tsakuri gefe ta tura sauran ƙarƙashin gado, daga baya awaki su samu. Ruwa da lemun tsami ta mayar abinci, wai wata ƙawarta ta faɗa mata a waya yana narkar da kitse. Inna kuwa, wadda da ko harara ta yi sai kwano ya koma wanke, yanzu ba ta da bakin cewa a ci. Ita da ta kusa kashe ɗiya da ciyarwa, da wane ido za ta ce ƙara loma? Sai ta zuba ido, tana ɗauke kwano ba ta tambaya.

Yazid ne ya tona su. Ya kama nono ya ja, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Bushira na jiri in ta miƙe. Ranar awon jarirai Madam Nusaiba ta rataya shi a sikeli, ta duba katinsa, ta ce sati biyu bai ƙara kome ba. Ta dubi uwar, ta dubi kakar, ta tambaya ko akwai abin da ba a faɗa mata ba. Bushira ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya.

Ran nan Inna Sahura ta yi abin da ya ba Dumega mamaki. Ta tura Bushira gida da yaron, ita ta zauna a kan bencin likita cikin ƴan mata masu goyon fari, waɗanda wasunsu ita ta yanke musu cibi, ta jira har Madam ta sallami kowa. Sannan ta shiga ta ja kujera.

"Ɗiyata, ni abu guda na iya, in cika mace," ta ce. "Wanda za ya cika nono shi bar uwar, shi ne ban iya ba. Ki hwaɗa mini, ni kuwa in dahwa."

Sun fi awa guda. Madam na faɗin abin da jiki ke so, Inna na faɗin abin da ke cikin rumbu da garka, wato lambu, suna ja suna saki. Madam ta ce mai shayarwa ba ta zama da yunwa, sau uku za ta ci har da ɗan abin taɓawa a tsakani, abin da za a rage shi ne mai da sukari da gishiri, ba abincin ba. Ta ce ganye da wake da ƙwai da kifi, ruwa kuma duk lokacin da yaro ya kama nono. Inna ta ce miya ba magi ai ruwan wanki ce. Madam ta ce to kakanninmu da me suka yi miya? Inna ta ce daddawa, kuma ta ji haushin cewa yarinyar ce ta tuna mata.

Daga ranar gidan ya sauya. In kuna zaton Inna Sahura ta saki girman kanta, ba ku san ta ba. Wuri kawai ta sauya masa. Matar da ta yi suna da kunun kanwa ta koma kunun gyaɗa da tsamiya, tana dama shi har sai ya yi santsin da ba ya neman sukari. Ta yi dambun tamaka, wato zogalen da ke cike da garkarta wanda da awaki take zuba wa, da ƙuli-ƙuli kaɗan da albasa. Ta dafa sabon wake da kabewa. Ƙwan zabi na damina, biyu kullum da safe. Miyar kuka da busasshen kifi da daddawa mai yawa, gishirin da yatsu biyu take ɗiba, ta tsaya ta dube shi, ta maida rabi. Fura da nono mai kyau, ba sukari. Man shanu da ake zubawa da ludayi ya koma cokali. Kuma ba ta ƙara ɗauke kwano ba ta duba ba. Zama take yi a gaban Bushira, ta ɗora Yazid a cinya, ta ce ba don ke ba, don maigidana, ci ki ba shi. Bushira ta ci. Cikin kwana huɗu nono ya dawo har yana jiƙa riga, yaro ya sha ya saki da kansa ya yi barci baki buɗe.

Da Madam ta ce ƙarfi ya samu, sai aka fara tafiya. Kullum bayan sallar asuba, rana na ɗagowa, Inna ta goya jikanta, Bushira na biye, su nufi garka a fadama. Ranar farko sau uku suka tsaya hutawa. Bayan sati biyu ba su tsaya ba. Bayan wata guda Bushira ce a gaba, Inna na bayanta tana mita wai ana gudu da tsohuwa. Mutane kuwa suka samu abin faɗa. Wasu suka ce Sahura ta tsufa, hannunta ya mutu. Wasu suka ce rowa ce, gero ya yi tsada. Wata ta tare ta a bakin rijiya ta tambaya, da fuskar tausayi, ko gaskiya ne mai jego take kai wa aikin garka. Inna ta ce gaskiya ne, gobe ma noma za ta sa ta, ta wuce. Amma maganganun na cinta. Matan da ke zuwa tambayar kanwa sun daina zuwa, kuma ta lura.

Duk sati biyu sikelin likita na faɗin abu biyu: uwa na sauka kaɗan-kaɗan, ɗa na hawa. Awon jini ya daidaita. Yazid ya yi cinyoyi, wuyansa ya ɓace, in an ɗauke shi sai an gyara tsayuwa. Inna ba ta iya karatu ba, amma ta gane layin da Madam ke ja a katinsa, ta san in ya nufi sama daidai ne, kuma takan sa a nuna mata sau biyu.

Ana saura kwana goma a maida Bushira, wata tsohuwar ƙawar Inna ta shigo da marece, ta zauna, ta kwance bakin gyale ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake sayarwa a kasuwa. Ta ce in yarinya ta sha kwana bakwai za ta cika ta batse, munduwa ta kama, a fita kunyar mutanen Dutsi, in ya so daga baya a bari. Don Allah ta faɗa, ba da mugunta ba. Inna Sahura ta karɓi ƙwayoyin ta jujjuya su a tafin hannu, kuma ƙarya ne a ce ranta bai raya mata kome ba. Sai ta ji Bushira a bayan ɗaki tana daka, tana yi wa yaron waƙa, numfashinta ɗaya ba ya yankewa. Ta maida wa ƙawar kayanta, ta ce ta gaida gida. Afra'u kuma ta ba da shawarar a bar munduwar a gida, a ce an manta. Inna ta ce ita ba ta mantuwa, kowa ya sani.

Ranar ta zo bayan an gama yankan gero. Suka ɗauki mota da kayan gara, buhun gero da wake da tulun man shanu. Kafin su shiga, Inna ta kwance bakin zanenta, ta kama hannun autarta ta zura mata munduwar. Bushira ta dube ta ta ce, "Inna, ba dole ba ne." Inna ta ce ta shiga mota.

Gidan Hajiya Zalihatu ya cika da mata, har da na shago da suka ji muryar nan kusan wata uku da suka wuce. An shimfiɗa tabarmi, ga tasar ruwa da sabon sabulu an ajiye a tsakiya, ga mai guɗa a tsaye. Da Bushira ta shigo, da ƙafarta, da ɗanta a baya, da ƙunshin kaya a ka, sai hayaniyar ta ragu. Kyakkyawa ce, fatarta na sheƙi, idonta fari tas, amma ba wadda za a faɗaɗa wa ƙofa ba ce. Aka yi gaishe-gaishe, ana satar kallon hannunta. Hajiya ta kwance jikanta ta ɗora a cinya, ta ce wash, wannan ai sai da shiri.

Inna Sahura ta zauna a tsakiyar tabarma, ta ce wa wata budurwa ta ɗauke tasar sabulun, ba a bukata. Ta kama hannun Bushira ta sunkuyar da shi. Munduwar ta gangaro, ta ɗan tsaya a kan yatsu, ta faɗo cikin tafin Inna. Mai guɗa ta sauke hannunta daga hanci. Daga can baya wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma an ji, jegon bana bai karɓa ba.

Inna ta ɗaga kai. Ba ta nemi mai maganar ba, Hajiya ta duba.

"Hajiya, muryar da na aiko miki gaskiya ce, ta kama ran kwana ashirin. Amma ruwa ne, ba ƙiba ba. Kanwata ce ta tara shi. Na gani da idona na yi shiru kwana biyu, don kar a ce Sahura ta kasa. Saura kaɗan da gawa zan kawo muku." Ta ajiye munduwar a kan tabarma. "Uku na maida da ba su iya sunkuyawa, anka yi mini guɗa. Wagga da ƙahwarta ta zo, jininta lahiya, nononta ya ishi ɗanta. Duk jegon da na yi a duniya, ba wanda ya kai wannan. Wadda ba ta yi guɗa ba, ba ta ci bashina ba."

Bushira ta sunkuyar da kai tana share ido. Hajiya Zalihatu, wadda ba a saba ganin bakinta a rufe ba, ta daɗe tana kallon surukarta Bushira, daga fuska har ƙafa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki munduwar tana jujjuyawa. Yazid na ta harba ƙafa a cinyarta yana son kamawa. Kamar mai wasa da yaro, ta zura masa ita a ƙafa. Ta wuce dunduniya, ta wuce ƙwauri, ta haye gwiwa da ƙyar, ta je cinya ta tsaya cak. Hajiya ta ja ta baya, naman ya taru a gabanta ya hana. Ta sake ja a hankali, yaron ya ɓata fuska.

Hajiya ta ɗago, idonta ya ciko, tana dariya.

"Ke, maido ruwan sabulun nan," ta ce wa budurwar. "Ta kama."

Guɗar da aka yi ran nan har bakin titi an ji ta. Mata suka taso suna turereniya a ga cinyar, wadda ta yi maganar ɗazu ita ce a gaba. Inna Sahura ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba, ko da yake ta kusa. Ta naɗe hannun riga, ta karɓi jikanta daga hannun Hajiya, ta ce a ba ta wuri, wannan aikin ba a yi mata shi. Ta shafa sabulu tana murzawa a hankali, tana ce masa ashe kai ne ɓarawon, maigida, kai ka cinye jegon duka ka bar ni da shan magana. Yaron ya kama bakin gyalenta ya cusa a baki.

Da munduwar ta fita ta goge ta da zane ta ƙulle. Hajiya ta matso kusa, ta rage murya, ta ce ɗiyar ƙanwarta na da ciki wata takwas, ko Inna za ta faɗa mata yadda ake dama kunun gyaɗar nan. Inna Sahura ta gyara zama, ta tambaye ta lafiyar kasuwa tukuna.